Bangon Yamma a Gaba ta Bakwai

Ku matso nan, ku bar wannan dariyar. Na ji abin da kuke faɗa ɗazu, wai haƙar rami ƙarfi ne kawai, duk mai ƙwanji da diga ya iya. To madalla. Jaki ma yana da ƙarfi, amma ban taɓa jin an kira shi ya gina rijiya ba. Tunda kun ƙudura sai kun tafi ramukan zinariya na wajen Maradun, ba zan hana ku ba, ni ba ubanku ba ne. Sai dai shekara arba'in da ɗoriya na yi ina shiga cikin ƙasa ina fitowa, don haka ku zauna ku ji yadda take, ku kuma ji abin da ta yi wa Bawa taubashina saboda taurin kaina.

Rijiyar da na fara aiki a kanta a Ruwan Gizo take, a gidan wani mahauci. Maigidana Baba Nomau, tsoho ne gajere, ga faɗa kamar me. Shekara biyu cur bai bar ni na sa ƙafa cikin rami ba. Aikina jan igiya: in sauke guga, in jawo ƙasa, in zubar. Amma kafin in zubar sai na damƙi ƙasar na murza, na shinshina, wani lokacin har in ɗanɗana, sannan in leƙa in gaya masa ko wace iri ce. In na ce yumɓu alhali laka ce mai yashi, sai ya sake cika gugan da ita ya ce in jawo in ƙara dubawa. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami. Dagi na fasa marmara. Ƙaramin shebur, guga, igiya. Ita igiyar shi da kansa yake bin ta da hannu kowace safiya, taƙi bayan taƙi, ko da jiya aka sayo ta. Zurfi kuwa da gaba muke aunawa, wato ka buɗe hannuwanka biyu, daga wannan yatsa zuwa wancan.

Wanda ke tafiya a kan ƙasa shi ne yake ganinta iri ɗaya. A ciki hawa-hawa take: baƙar ƙasar noma, jar ƙasa, marmara mai kaushi, yumɓu, tsakuwa, yashi. Ta wajen Bakura, kusa da fadama, gaba uku za ka ji laka a ƙafarka, amma bangon ba ya tsayuwa sai an sa masa kwalbati. Ta wajen Maradun sai ka wuni kana dukan taƙi ɗaya, wuta na tashi a bakin diga. Duk wannan wahala ce kawai, wahala kuwa ba ta kisa. Abin da ke kisa shi ne inda ƙasa iri biyu suka haɗu ba su manne ba, ko inda dutse ya taɓa rabuwa tun zamanin da Allah kaɗai ya sani. Mu tsaga muke ce mata. In ta zo a kwance, da sauƙi. In ta zo a karkace, ta sunkuyo cikin ramin, to duk ƙasar da ke samanta so take ta sulalo a kanka.

Ga abin da Baba Nomau ya koya mini game da tsaga. Da la'asar kafin ka fito, ka kwaɓa laka da ɗan kashin shanu don kada bushewa ta fasa ta, ka yaɓa a kan tsagar kamar faɗin tafin hannu, ka shafe da ruwa ta yi sumul. Da safe ka sauka ka duba. In yaɓen ya tsage, ƙasa na motsi, ka yi hattara. In yana nan yadda ka bar shi, ƙasa ta tsaya, ka ci gaba da aikinka. Haka ya koya mini, haka na riƙe fiye da shekara talatin. Allah ya jiƙansa, abin da ya sani ya ba ni bai rage komai ba, sai dai ashe rabin maganar ce.

Masu rijiya kuwa kowa da halinsa. Wani Alhaji a nan Talata Mafara ya tsaya da sandarsa ya nuna mini tsakar gida, wai nan yake so don ya fi kusa da madafa. Na ce Alhaji ruwa na can gindin ɓaure. Ya ce gidansa ne ko nawa? Na ce naka ne. Muka gina gaba goma sha ɗaya muka tarar da dutse, ko danshi babu. Yau ramin nan shi ne masai a gidan. Fulani sun fi daɗin sha'ani. Ardo zai zauna a inuwa bai ce maka uffan ba, da rana a aiko da nono, abin da yake so kawai baki mai faɗi da wurin da shanu za su tsaya.

Duk waɗannan ayyuka tare da Bawa na yi su. Ƙanen mahaifiyata ne ya haife shi, kun ga taubashina ke nan, na girme shi da damina biyu. Bakinsa ba ya hutawa. Yana can ƙasan rami yana tsokanar sanƙona, wai in dai na leƙo ba ya bukatar fitila. Ba ya kirana da sunana, Mai Sanƙo yake ce mini ko a gaban surukaina. Ni ke karɓar aiki, ni ke yanke magana. Amma gaskiya ɗaya ce, Bawa ya fi ni kunne. Yakan ƙwanƙwasa bango da ƙotar diga ya kara kunnensa, ya gaya maka abin da ke bayansa kamar ya leƙa.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan wajen Gidan Goga, jama'a suka kwararo wata tunga kusa da garin Maradun, wasu da jakuna, wasu da abin da ke jikinsu kawai. Tsakiyar bazara ce. Tungar rijiya ɗaya gare ta, kafin hantsi ta koma laka. Mai garin ya aiko aka kira ni. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, na tambayi jama'a da haƙurin abin da ya faru, sai da muka kai ƙarshen gaisuwa tukuna ya faɗi abin da ke ransa.

"Mamman, mutanena sun ninka, ruwa bai ninka ba. Jiya ɗiya biyu munka kai asibiti, ruwan kududdufi sunka sha."

Na ce ranka shi daɗe, gobe in Allah ya kai mu za mu sa diga.

Ban taɓa aiki da ido a kaina kamar wannan ba. Maza daga cikin 'yan gudun hijirar suka karɓi jan igiya, ba wanda ya roƙe su. Mata kuwa tun muna gaba biyu suka fara jera jarkoki a bakin ramin, kowace na kama layi don ranar da ruwa zai zo. Duk sanda na fito in sha iska sai na haɗa ido da su. Sannu da aiki kawai suke ce maka, amma ka san me suke tambaya.

A gaba ta bakwai muka ci karo da tsaga. A karkace ta zo, ta zagaye ramin gaba ɗaya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne, tsaga ɗaya ce amma hali biyu gare ta. Ta gabas cike take da yumɓu mai danshi, santsi kamar sabulu, in ka danna yatsa sai ya shige. Ta yamma kuwa a bushe take ƙamas, marmara ce zaune a kan dutse, kaushi ya shiga kaushi kamar haƙoran da aka cije. Ko bakin wuƙa ba ya shiga. Da la'asar na yaɓa laka a gabas, na yaɓa a yamma.

Da safe yaɓen gabas ya tsage, siriri kamar zare. Na yamma ko gezau. Na sake yaɓawa. Washegari haka, jibi ma haka. Da rana kuma kana aiki za ka ji yashi na zubowa daga gabas kaɗan-kaɗan yana shiga wuyan rigarka. Na ce to, mun gane maƙiyinmu. Kwalbati babu, don motar da za ta kawo siminti ta ƙi biyo hanyar. Sai na sa aka saro itacen marke guda uku masu kauri, muka kara katako a bangon gabas, muka tokare shi da itatuwan. Gindin itatuwan kuma ina na kafa shi? A jikin bangon yamma, tunda shi ne mai ƙarfi. Ban tsaya nan ba. 'Yan ramukan da muke sarawa a bango don sa ƙafa wajen hawa da sauka, na ce a daina taka na gabas, na ɗauki dagi na sara sababbi a yamma. Biyu daga ciki a kan tsagar kanta na sara su.

Rannan da muka fito cin abinci sai na ga Bawa bai taɓa tuwonsa ba. Ya jawo ni gefe. Ya ce ya ƙwanƙwasa bangon yamma, muryar bangon ta sauya, ta ɗaure kamar kalangun da aka matse.

"Yaya Mamman," ya ce. Da na ji Yaya a bakinsa na san ba wasa ya zo da shi ba. "Wanga bango bai yi man ba. Na gabas shina zuba kaɗan-kaɗan, shina sauke kayanai. To nauyin da ya saki, ina ya tahi? Wa ad ɗauke da shi?"

Shawararsa ita ce mu tsaya da zurfi, mu koma sama mu faɗaɗa bakin ramin, mu kwashe ƙasar da ke kan tsagar gaba ɗaya. Aikin kwana biyar ke nan. Na dubi layin jarkokin nan, ya kai har gindin wata tsamiya. Kuma a ranar mun fara jin sanyi a ƙasan ramin, alamar ruwa ya kusa. Raina ya ɓaci. Na ce yaɓe ba ya ƙarya, kwana uku bai tsage ba, me kuma yake nema? Na ce Baba Nomau da ya koya mana ya fi mu sani. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai na ɗaga murya a gaban masu jan igiya na ce in tsoro yake ji ya faɗa, ya hau ya riƙe guga, dama tun yana yaro ko tsallake kwata sai an riƙe masa hannu. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasan taubasai ne. Shi ma ya yi dariyar. Ya ce to Mai Sanƙo, kai ne babba. Ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

Washegari da hantsi Bawa ne ke da layin sauka, don karɓa-karɓa muke yi. Muna gaba ta tara. Na duba yaɓen yamma da idona kafin ya shiga, lafiya lau. Ya cika guga uku, na ukun laka ce sharkaf, har mata sun fara guɗa. Ina riƙe da igiya ina jiran na huɗu.

Ba yashin da ya zubo, ba ƙarar da ta gargaɗe mu. A tafin ƙafata na fara jin abin kafin kunnena ya ji. Ƙasa ta yi dim, ta girgiza mu, jarkokin da ke kusa suka kife, ƙura ta taso daga bakin ramin ta rufe mana ido. Mata suka ɗauki salati. Na kwanta rub da ciki a bakin ramin ina kiran sunansa. Shiru. Na kira har muryata ta dishe. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko a ranar da na fara shiga rami. Can sai na ji tari.

Da ƙura ta lafa na ga abin da ya faru. Bangon yamma ne ya ɓalle daga kan tsagar, falle guda kamar ƙyauren zaure, ya tafi da itatuwan marke da matakan da na sara, duka. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka sauke ni ta jikin bangon gabas, wanda na kwana uku ina tsoro. Na tarar da Bawa jingine da shi, ƙasa ta binne shi har ƙirji, dutsen ya danne masa ƙafar dama. Fuskarsa ta yi fari fat da ƙura, idanu kawai ke motsi. Abin da ya fara ce mini shi ne kada in taɓa yamma, da sauran wanda bai faɗo ba.

Ba damar diga, ba damar shebur. Da hannu na tona, da wani ƙoƙo da wata mata ta sauko mini da shi a guga. Ina tonawa yashin gabas na zuba a bayana kamar kullum, kaɗan-kaɗan, bai ƙaru ba bai ragu ba. Aka yi azahar ina ciki. Farcena biyu suka fita ban sani ba sai daga baya. Da na kai ga dutsen na sa dagi na ɗaga, ko motsi bai yi ba. Wani direba cikin 'yan gudun hijirar ne ya yi dabara, ya ruga ya ɗauko jak ɗin motarsa aka sauko da shi. Na kafa shi a kan guntun katako ina juyawa a hankali, ido ɗaya a kan dutsen, ɗaya a kan abin da ya rage a samanmu. Bawa na ta ambaton Allah, bai yi ihu ba ko sau ɗaya. Ana kiran la'asar aka jawo shi sama.

A motar direban nan muka kawo shi asibiti a Talata Mafara. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya niƙe. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Bayan kwana huɗu na koma tungar, don jarkokin suna nan a jere. Na yi abin da Bawa ya ce tun farko. Muka faɗaɗa bakin, muka kwashe ƙasar da ke kan tsagar, kwana biyar daidai kamar yadda ya faɗa. A nan na ga aikina da idona. Inda na kafa gindin itatuwan da inda na sara matakai, marmarar ta farfashe ta zama gari. Gabas na sulalewa yana tura nauyinsa, yamma na riƙe da nasa da na ɗan'uwansa, ni kuma na zo na ƙara masa da itace, na kuma fasa masa haƙoran da yake riƙo da su. Yaɓen bai yi ƙarya ba, bangon bai motsa ba ko kaɗan. Ni ne na ɗauka wanda bai motsa ba ba ya ɗauke da kaya. Kwana biyu bayan haka muka samu ruwa, mai yawa kuma mai daɗi.

Daga baya na ba surukina wannan labari, mijin 'yata da ke koyarwa a Jangebe. Ya ce ai girgizar ƙasa da muke ji a rediyo a ƙasashen nesa haka take. Wai akwai tsagogi a ƙarƙashin duniya masu tsawon tafiyar kwanaki, kuma tsaga ɗaya ba halinta ɗaya ba daga farko zuwa ƙarshe. Inda take da santsi tana sulalewa a hankali shekara da shekaru, sai dai ka ga katanga ta ɗan karkace. Inda take da kaushi sai ta cije, ta yi ta tara nauyi mutane na gine-gine a kanta hankali kwance, ran da ta saki kuma gari guda ne ke tafiya. Na ce malam, ku a littafi kuka karanta, ni ƙafar ɗan'uwana na bayar aka koya mini.

Don haka in kun shiga ramukan nan, kada ku tsaya kallon inda ke zuba kawai. Ku tambayi kanku abin da ya zuba wa ya bar wa nauyinsa. Kada ku tokare bango da bango ba ku san abin da na biyun ke ɗauke da shi ba. In kuma wani a cikinku ya ce bai yarda da wuri ba, ku fito, ko da shi ne ƙaraminku, ko da kuna ganin zinariyar da idonku. Kada wanda ya yi masa dariya.

Bawa yana nan da ransa. Yana da rumfa a kasuwa, igiya da guga yake sayarwa, sandarsa jingine a gefe. Kowace Talata sai na je na zauna wurinsa. Tun daga nesa zai fara: ga Mai Sanƙo nan, a rufe ido kada haske ya makantar da mutane. Ya tsokani rigata, ya tsokani tafiyata, ya ce tuwon gidana ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Taubashi ne, al'ada ta ba shi izinin ya faɗa mini duk abin da ya ga dama a gaban kowa, ba mai cewa don me. Yana kuwa faɗa. Abu ɗaya ne bai taɓa ɗaukowa ba, ko da wasa, ko muna mu biyu.

Bara na kasa daurewa. Kasuwa ta watse, yana naɗe igiyoyinsa, na ce, "Bawa, ranar nan ka gaya mini. Ni na ƙi ji."

Bai ɗago ba. Ya gama naɗe wadda ke hannunsa, ya ɗaure bakinta, ya miƙo mini.

"Riƙa man wagga, Mai Sanƙo. Ka ko ga hadari na tasowa."

Na riƙe. Na rako shi har gida ina ɗauke da kayan, yana tafe yana dogara sanda yana ba ni labarin wani Bafulatani da ya taya guga. Shekara bakwai ke nan da faɗowar bangon. Da zai zage ni sau ɗaya, wallahi da na fi jin daɗi.